Fim ɗin Takkai da Na Kai Gusau

Tun da na dawo daga Gusau ban huta da tambaya ba. A gidan suna a tare ni, a ofishin malamai a tare ni, har maƙwabciyata da ba mu cika magana ba ta leƙo ta katanga tana cewa, "Karima, an ce kyauta kika ciwo?" Wata kuma ta ce ita ji ta yi kama ni aka yi. Ban ciwo kyauta ba, ba a kuma kama ni ba. Amma na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kowa ya ɗauki nasa ya ƙara gishiri, shi ya sa na ce bari in zauna in faɗe shi gaba ɗaya.

Ni malamar makaranta ce a Zariya, ɗaukar hoto kuwa sha'awa ce da ta bi ni tun ina ɗaliba. Shekarun baya, lokacin da hanya take lafiya, na je bikin 'yar gwaggona a wani ƙauye bayan Bungudu, wanda ba zan faɗi sunansa ba. Bikin ya faɗo bayan girbi, sai samarin garin suka fito rawar takkai. Da'ira suke yi, kowa da gajeriyar sanda a hannu da akayau a ƙafa. Ganga na tashi, kowa ya juya ya haɗa sandarsa da ta na gabansa, ya sake juyawa ya haɗa da ta na bayansa, ƙas, ƙas, wanda ya yi lattin juyawa kuwa a goshi zai ji. Na nemi izinin mai gari, na yi ta ɗauka har batir ya mutu.

Daga baya gwaggo ta rasu, 'ya'yanta suka koma Kaduna, muka kuma ji labarin 'yan bindiga sun tashi garin. Sai na zauna na harhaɗa abin da na ɗauka ya zama ɗan gajeren fim, ba magana a ciki, ganga ce kawai da ƙafa da sanda. Na yi ta aika shi duk inda na ji ana bikin nuna finafinai. Wasu suka ce ina labarin, ina jarumin? Wasu suka ce su ba sa nuna rawa. Mafi yawa ko amsa ba su ba ni ba. Har na fitar da rai, sai wani Malam Lawali, ma'aikacin gwamnati a Gusau, ya kira ni ya ce shi da abokansa suna haɗa ɗan ƙaramin biki na masu yin fim da kansu, kuma suna son nawa.

Ummana ce ta fara ƙi. "Rawa za ki kai wa mutanen da ke binne 'yan'uwansu?" in ji ta. Maigidana kuwa sai bayan kwana biyu ya yarda, bisa sharaɗi: tafiyar safe, motar haya, tsohon hijabi, katin aikina kuma in bar shi a gida.

Daga Zariya zuwa Funtuwa ba abin faɗi. A tashar Funtuwa na canja mota, na shiga ta wani dattijon direba da ake kira Baba Shehu. Kafin ya tayar ya juyo ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Ku ji ni da kyau. In na ce a kashe waya, a kashe. In na ce a duƙa, a duƙa. In na juya mota kada wanda ya tambaye ni dalili."

Ba wanda ya yi dariya. Mutumin da ke gaba ya cire hularsa mai aiki ya cusa a ƙarƙashin kujera, ya kwance agogo ya sa cikin safa.

A Yankara, iyakar Katsina da Zamfara, aka sauke mu duka a shingen jami'an tsaro. Wanda ya buɗe jakata ya ciro ɗan ƙaramin majigin da na aro, ya jujjuya shi, ya ja da baya.

"Wannan irin mai tashi sama ne? Wa za ki kai wa?"

Na ce majigi ne, na haska hoto a bango. Ya ce in nuna masa. Ba bango, ba wuta, rana tsaka. Dole na buɗe kwamfuta a kan bayan mota na kunna masa fim ɗin, fasinjoji na tsaye suna tsaki, wata tana cewa a bar ni a nan mana su wuce. Ya kalla na ɗan lokaci, na lura takalminsa na bin ganga a ƙasa, sannan ya rufe kwamfutar ya ce mu tafi. Har muka koma mota ba mai kallona.

Tsakanin Yankara da Tsafe ne na san abin da ake kira tsoro. Ba abin da ya faru. Motoci ne kawai suka daina zuwa daga gaba. Ni da farko ban ma lura ba, sai da na ga Baba Shehu ya kashe rediyo, ya miƙe zaune, yana leƙen titi kamar mai neman allura. Matar da ke gefena ta kama cinyata ta matse tana salati. Can sai ga babura sun fito daga wata 'yar hanya ta daji, a jere. "A duƙa!" in ji shi. Na kifa kaina a kan jaka, ina jin ƙarar baburan na matsowa, na tuna ban yi wa 'yata kitson makaranta ba na taho. Suka wuce mu. Manoma ne da buhunan barkono. Amma ba wanda ya ɗago sai da direba ya ce a ɗago, kuma da na ɗago na tarar na ciji leɓena har jini.

A Tsafe aka ce a dakata, 'yan bindiga sun tare gaba da safe, sai jami'ai sun buɗe. Motoci suka yi layi a bakin titi. Na zauna a rumfar wata mai abinci, ta zuba mini ruwa ta ce, "Ya hanya?" Na ce lafiya lau, yadda muke amsawa a gida ba tare da tunani ba. Sai ta ɓata rai.

"A'a, ɗiyata, tambayarki nike. Mi kunka gani? Mota nawa kunka gamu da su? Mijina na bisa hanyar ga."

Kunya ta kama ni. Mu a Zariya "ya hanya" gaisuwa ce, a can tambaya ce ta gaske, kuma ana jiran amsarta. Na gaya mata duk abin da na gani. Ta saurara, ta gyaɗa kai, sannan ta ba ni hoce, wata irin waina ce ta dawa mai tauri, da kwaɗon rama. Na gatsa na ji kamar haƙorina zai fita. Ta yi dariya ta nuna mini yadda ake marmasa shi cikin kwaɗon. Muna nan har motocin Gusau suka fara ɓullowa. Kowa ya miƙe yana ɗaga wa direbobin hannu, su kuma suna kunna fitila alamar a taho.

Malam Lawali ya tarbe ni a tashar Gusau, siriri ne mai yawan ba da haƙuri tun kafin a yi laifi. Ya ce ba zai sauke ni a otal ba, ya kai ni gidan yayarsa Hajiya Luba, mai sayar da hatsi. Gida ne cike da buhuna har zaure, tsakar gida kuma mata na ta sheƙa da tankaɗe. Hajiya ta ce yawancinsu 'yan gudun hijira ne daga ƙauyuka, suna yi mata aiki su sami na tuwo. Ta tambaye ni ko ina cin gujiya, na ce sosai, ina jiran gurjiya irin tamu, sai ga faranti cike da dafaffiyar gyaɗa. Da yamma aka kawo tuwon dawa da miyar sure, wato yakuwa, mai tsami, da fura wadda su suke kira hura, mai kauri har ludayi na tsayawa. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda suke sallama. In mutum zai fita, ko kasuwa ce, sai ya faɗi inda za shi da hanyar da zai bi da lokacin da za a fara nemansa.

Washegari aka ce sai wani kwamiti ya duba finafinan kafin a nuna. Suka kalli nawa fuska ba walwala. Wani dattijo a cikinsu ya ce rawar maza ba laifi, al'ada ce, amma akwai wurin da kyamara ta juya kan 'yan mata suna tafi a gefe, a cire shi. Na ce Malam, yara ne, kuma da lulluɓinsu. Ya ce a cire. Na ce ba zan iya yanka fim a tsaye ba, gangar za ta karye. Aka yi ta ja, a ƙarshe aka daidaita a kan in an zo wurin Malam Lawali zai kare bakin majigi da kwali, a ji sauti kawai. Wani saurayi da ya taho tun daga Jos da fim ɗin rawar garinsu, shi gaba ɗaya aka hana. Ya zauna a kan dakali da jakarsa a cinya har aka tashi.

An sa za a fara da safe, ba a fara ba sai bayan azahar, saboda jiran manyan baƙi. Da suka zo aka yi jawabi, aka yi godiya, aka sake jawabi. Aka nuna wani fim ɗin soyayya, ɗaki ya cika ana shewa. Yana ƙarewa manyan baƙi suka tashi, mutanensu suka bi su, aka kuma fara rabon abinci a waje. Lokacin da aka kira sunana kujeru ne suka fi mutane yawa. Ina haɗa waya janareta ya mutu. Na zauna ina kallon bango, ina cewa a raina saboda wannan na duƙa a mota na ciji leɓe?

Ana cikin gyaran janareta sai ga Hajiya Luba ta shigo da matan gidanta, kansu duk ƙaiƙayi, da wasu maza a bayansu. Ashe da safe ta faɗa musu sunan garin da na ɗauki fim ɗin, labari kuma ya zaga. Suka zauna a baya a ɗarare, kamar masu tsoron a kore su.

Wuta ta dawo, ganga ta tashi. Da farko shiru. Sai na ji wata murya a baya ta ce, "Wancan ai rumbun Malam Garba na." Wata ta ce, "Ga tsamiyar bakin kasuwa." Suka fara kiran sunayen masu rawar, kowane suna da abin da ke biye da shi: wane Allah ya ji ƙansa, wane yana Legas, wane har yau ba labari. Ni da na yi watanni ina kallon fuskokin nan a kwamfuta ban san sunan ko ɗaya ba.

Sai wata tsohuwa ta miƙe. "Muntari! Wallahi Muntari na!" Ta ratsa kujeru har gaban bango, ta ɗora hannu a kan wani dogon saurayi mai farar taguwa. Inuwarta ta rufe shi. Ta matsa gefe, ya fito, ta sake kai hannu, ya sake ɓacewa. Hajiya Luba ce ta je ta kamo ta, tana cewa, "Inna Kulu, zamna nan, daga nan kin fi ganinai." Malam Lawali yana tsaye da kwalinsa a hannu, wurin 'yan matan ya zo ya wuce bai ko motsa ba.

Da a nan aka tsaya, da na ce ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba. Amma wani mutum ya daka tsawa daga baya.

"Ku tsai da shi! Wancan mai jar hula, bayan Muntari, Isihu na!"

Ɗakin ya hargitse. Daga hayaniyar na tsinci cewa Isihu ɗan garin ne, ya shiga daji ya haɗe da 'yan bindiga, kuma ana cewa shi ya nuna musu hanya ranar da aka tashi garin, ranar da aka kashe Muntari. A bango kuwa ga shi yana dariya, yana juyowa yana haɗa sanda da Muntari. Wani ya jefi bangon da takalmi. Wayoyi suka tashi sama ana ɗauka. Mutumin da ya daka tsawar ya nufo ni yana nuna ni da yatsa. "Ke ina kinka san shi? Wa ya aiko ki?" Malam Lawali ya fizge wayar wuta, ya shiga tsakaninmu, ya tura ni wani ɗan ofis ya rufe ƙofa.

Wani jami'in tsaro cikin farin kaya ya zo ya yi mini tambayoyi: yaushe na ɗauka, wa na sani a garin, ko ina da lambar Isihu. Na nuna masa hotunan bikin 'yar gwaggona, ya ga shekarun da suka wuce, ya ce in tafi amma kada in kashe wayata. Na koma gidan Hajiya ban iya cin tuwo ba. Na ƙudurta gari na wayewa sai Zariya.

Da safe ina haɗa kaya aka ce ana sallama da ni. Inna Kulu ce, ta durƙusa a ƙofar ɗaki, ni na yi saurin durƙusawa na kama ta.

"Ɗiyata, alfarma niz zo nema. Sauran mutanenmu na Bungudu, tsohhi da ba su iya tahowa. Mai gari ma na can. Ko hoto guda ba mu hito da shi ba. Ki kai musu su gani."

Na dubi Malam Lawali, wanda ya zo raka ni tasha. Ya ce Bungudu kusa ce, titin ba ya rabo da mota, in mun tafi da hantsi mu dawo kafin la'asar. Zuciyata na cewa a'a, na ji bakina ya ce to. Muka tafi tare da ita a motarsa.

A Bungudu mutanen garin suna zaune a wani kango da mai shi ya ba su aro, kowane iyali da lungunsa, an raba da buhu da zane. Aka toshe tagar ɗaki ɗaya da bargo, Malam Lawali ya jawo wuta daga batirin motarsa. Ɗakin ya cika har numfashi na wuya. A nan ba wanda ya jefi bango. An kalla, aka ce a maimaita, aka sake cewa a maimaita. Mai gari, wanda ya ba ni izini a wancan lokaci, idonsa ya tafi. Ya ce a kai shi kusa da lasifika. Ya kasa kunne, ya faɗi sunan makaɗin, ya ce tun yana yaro hannunsa na hagu ya fi nauyi. Wasu tsofaffi biyu suka zari karan dawa daga danga suna gwada wa yara yadda ake juyawa, ɗaya ya makara, kara ya same shi a goshi, aka kwashe da dariya har da masu hawaye. Wata mata ta ce mini rabon da ta ji dariya a kangon nan ta manta.

Sannan mai gari ya kira ni. "Malama, mun gode. Amma yaron ga mai jar hula, ki hidda shi. Ba mu son jikokinmu su tashi suna ganinai cikinmu."

Maza suka ce haka ne. Inna Kulu tana zaune a bakin ƙofa, ba ta ɗaga murya ba.

"In anka hidda shi, da wa Muntari za shi haɗa sanda? Da iska? Tare na goye su, uwar Isihu ba ta da nono. Ku bar min ɗana yadda ya yi rawatai."

Mai gari ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Ni dai ban yi alkawarin komai ba. Masu waya suka matso, na tura wa duk wanda ya nema, don a ganina nasu ne.

An kawo mini ɗanwake ina ci a gindin bango wayata ta yi ƙara. Baƙuwar lamba ce. Na ɗauka a zaton jami'in jiya ne.

"Ke ta malama mai fim?"

Na ce ni ce.

"An ce kin nuna ni Gusau jiya. Yanzu kuma kina Bungudu, wurin mai gari."

Muryar ba ta da ƙarfi, muryar saurayi ce kamar ta ɗalibaina. A bayansa ina jin kukan zakara da ƙarar babur.

"Ba ki magana? Ban ce zan taɓa ki ba. So nike ki aiko min in gani."

Na ce, "To." Ban san lokacin da na faɗa ba.

"Muntari na ciki?"

"Yana ciki."

Sai ya ce, "Ba ni na harbe shi ba." Layin ya katse.

Na ɗaga kai na dubi tsakar kangon. Ga matan da muka yi kuka tare, ga tsofaffin da karansu, ga samari sun haɗa kai a kan waya. Lambata tana jikin takardar bikin finafinan, wannan ba abin mamaki ba ne. Amma cewa ina Bungudu, a wannan gida, a wannan lokaci, wani ne daga cikin waɗannan ya faɗa masa. Ko don tsoro, ko don zumunci, ko don wani abu, ban sani ba. Kowace fuska na kalla sai in ga za ta iya zama ita.

Na raɗa wa Malam Lawali. Fuskarsa ta canja, amma ya yi murmushi ya ce wa jama'a Hajiya ce ke nemanmu. Ko sallamar kirki ban yi wa Inna Kulu ba, wadda za ta kwana a can, ta biyo mu har mota da ƙullin daddawa tana sa mini albarka, ni kuwa idona na kan kowane babur da ya gifta. Tsakanin Bungudu da Gusau ba nisa, amma ban taɓa ganin hanya mai tsawonta ba.

Muka wuce kai tsaye wurin jami'in nan, na ba shi lambar. Ya ce kada in aika komai, in cire layin, in bar gari da safe ba tare da kowa ya san motar da zan shiga ba. Ban aika ba. Malam Lawali ya yi ta ba ni haƙuri har ya ba ni tausayi, yana cewa shi ya jawo ni. Hajiya Luba ta ciro niƙabinta da wani baƙin hijabi ta ba ni, ta ɗauki majigin da kwamfutar ta cusa cikin buhun gero ta ɗinke, ta ce direbanta zai kai mini Zariya ranar kasuwa. Ta ce, "In an tambaye ki, ke ƙanwata ta, ganin likita za ki."

Ni da ban taɓa sa niƙabi ba, haka na shiga mota a tashar Gusau ina laluben mataki. Na zauna a kujerar baya tsakanin wata mai goyo da wani ɗan kasuwa mai ƙiba. Ban buɗe baki ba har Tsafe, inda muka tsaya jiran motocin Funtuwa su ɓullo. Na hango mai abincin nan a rumfarta, na so in tambaye ta ko mijinta ya dawo, ban isa ba.

Muna zaune a motar sai na ji ganga. Na san ta tun bugun farko. Ɗan kasuwar ne ya kunna a wayarsa. Na gaba suka juyo, yaran tasha suka leƙo ta taga.

"Kun ga wanga? Tun jiya shi ka yawo. Takkai na wani gari da anka tasa. Ga ɗan ta'addan nan, mai jar hula."

"Kai, dubi ƙafa! Yanzu ina ake irin wagga rawa?"

"An ce wata 'yar Zariya ta ɗauka. An ce mutanen daji na nemanta."

"A'a, ni cewa naj ji hukuma ta riƙe ta."

Mai goyon ta karɓi wayar ta kalla, ta share ido da bakin zane, ta ce garinsu ma da ana yi. Sannan ta miƙo mini. "Baiwar Allah, ke ba ki gani?"

Na karɓa da hannu biyu. Gilashin wayar a fashe yake, hoton ya dusashe saboda yawan turawa, an kuma yanke ƙarshen inda sunana yake. Na kalli fim ɗina ta 'yar tsagar niƙabi, mutane sun kewaye motar suna turereniya, wani na roƙon a tura masa. Duk wuraren da na yi ta aika shi ban taɓa samun masu kallo irin waɗannan ba, kuma ko tari ba na son in yi a gane ni.

Na mayar da wayar na ce, "Ya yi kyau."

Ɗan kasuwar ya sa ta a aljihu ya ce, "Ko wace ce, ta yi wa mutanen nan abin kirki. Allah dai ya kai ta gida lahiya."

Duk motar aka ce amin. Ni ma na ce amin, kuma tawa ta fi ta kowa ƙarfi, har mai goyon ta waiwayo ta dube ni. Sai motocin Funtuwa suka ɓullo suna kunna fitila, direba ya shigo ya ja ƙofa, ya ce kowa ya kashe waya.